Jinga, Yashe Kogi Ko Gyaran Sakin Ruwa: Me Ya Kamata A Fara Da Shi A Kwarin Haɗeja?

Duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna a kwarin Haɗeja, da zarar kogi ya koma cikin gaɓarsa, wanda ke riƙe da kasafin kuɗi, ko a gwamnatin jiha yake ko a ƙaramar hukuma ko a ƙungiyar manoma, yakan tarar da buƙatu da yawa a gabansa alhali kuɗin da ke hannu ba zai ɗauki ko rabinsu ba. Wani gari na neman a ɗaga masa jinga, wani na neman a yashe kogi, masu noman rani na kukan magudanan da suka toshe, masana kuma na cewa a fara da kwaikwayon tafiyar ruwa a kwamfuta kafin a taɓa ƙasa. Kowanne yana da hujjarsa, amma ba cuta ɗaya suke warkarwa ba, kuma wanda ya sayi maganin da bai dace da cutar gonarsa ba yakan ƙara wa maƙwabcinsa wahala ba tare da ya rage tasa ba.

Ambaliyar da ke zuwa da ƙarfi ta rushe gidaje cikin dare ita ce ke shiga labarai, kamar yadda aka gani a Jigawa a 2022. Abin da ke cin manomi a hankali shi ne ruwan da ke kwanciya a gona makonni ko watanni bayan kogi ya janye. Saiwar tsiro tana buƙatar iska, kuma idan ruwa ya cika ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, masara da gero da tumatir kan fara yin rawaya cikin 'yan kwanaki. Gonar da ba ta tsane ba har ƙarshen Nuwamba ta sa mai ita ya makara a shukar alkama, wadda ke buƙatar sanyin hunturu, wato asarar damina ta ja masa asarar rani.

Yanayin kwarin ne ya sa matsalar ta yi tsanani. Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya bar ƙasa mai duwatsu ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ta gangara zuwa Tafkin Chadi, inda gangaren bai kai rabin mita a kowace kilomita ba. A irin wannan fili kogi ba ya da gaggawa, yakan ajiye yashin da ya kwaso, ya rarrabu zuwa rassa kamar kogin Kafin Hausa da Burum Gana da mashigar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, kafin abin da ya rage ya haɗu da kogin Jama'are a wajejen Gashuwa su zama kogin Yobe. Kafin a kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, kogin yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Cikar takan wanke yashi, ƙafewar kuma takan kashe ciyawa. Bayan madatsun, ruwa ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara domin noman rani da shan birnin Kano, kuma wannan shi ne yanayin da kacala, doguwar ciyawar da ke tsirowa a cikin ruwa, ta fi so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta riƙe laka, ta karkatar da ruwa mai yawa zuwa Marma, har wasu gonakin yankin Guri da Kiri Kasamma da Nguru suka zama kududdufai na dindindin, yayin da wasu garuruwan da ke kan tsofaffin rassan suka koma kukan rashin ruwa. Ga kuma tsuntsun jan-baki da ke samun mafaka a cikinta.

Saboda haka ruwan da ya kwanta a gona a wannan kwari yana iya fitowa daga ɗaya daga cikin hanyoyi uku: ko kogi ne ya tumbatsa ya malala kuma ya rasa hanyar komawa, ko ruwan sama ne ya taru a kwari mai laka babu mafita, ko kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso saboda yawan ban-ruwa da tsiyayar manyan hanyoyin ruwa, kamar yadda ake gani a sassan aikin noman rani na Kadawa da Kura da kuma na Auyo. Amsar tambayar wace ce daga cikin ukun ita ce ke nuna irin manhajar da za a yi lissafi da ita, ita ce kuma ke nuna irin aikin da za a zuba wa kuɗi.

A ɓangaren lissafi, manhajojin da aka fi ji ba kishiyoyin juna ba ne, ko da yake masu neman kwangila kan gabatar da su kamar haka. SWAT, wadda ta samo asali daga sashen binciken noma na gwamnatin Amurka, da HEC-HMS, suna amsa tambayar yawan ruwan da zai gangaro daga tuddai idan an yi ruwan sama kaza a kan ƙasa iri kaza. Suna da amfani a saman kwarin, daga tsaunukan da ke ciyar da Tiga da Calawa zuwa Wudil, amma ba su iya nuna yadda ruwa ke ja da baya ya bazu idan ya tarar da toshewa a gabansa, alhali wannan shi ne ainihin ciwon yankin Haɗeja zuwa Nguru. Wannan aikin HEC-RAS ne, manhajar injiniyoyin rundunar sojan Amurka, wadda ake samu kyauta, kuma tun fitowarta ta 2016 tana iya kwaikwayon bazuwar ruwa a kan fili ta kowace fuska, ta nuna zurfinsa da kwanakin da zai yi a kowane wuri. Da ita ake iya gwada jinga kafin a gina ta, a ga garin da ruwan zai koma wa. Idan kuwa matsalar daga ƙasa take tasowa, duk waɗannan ba su ganin ta, sai a koma ga MODFLOW ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wadda ke bin tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko DRAINMOD idan ana son sanin zurfin magudanai da tazarar da za a bari tsakaninsu a gona guda. MIKE SHE ta kamfanin DHI na ƙasar Denmak tana haɗa ruwan sama da na kogi da na ƙarƙashin ƙasa a lissafi ɗaya, sai dai lasisinta na kuɗi ne, kuma tana neman bayanai masu yawa da ba kowace hukuma ke da su ba.

A nan ne ya kamata mai zaɓi ya tsaya ya yi tunani, domin kyawun manhaja bai wuce kyawun abin da aka ɗura mata ba. Taswirar tudu da kwari ta SRTM, wadda aka ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000 kuma ake yawan amfani da ita saboda kyauta ce, tana iya kuskuren mitoci da dama a tsayi. A ƙasa mai tsaunuka wannan ba babban abu ba ne, amma a filin da bambancin rabin mita ke raba gonar da za ta tsira da wadda za ta nutse, irin wannan taswira na iya tura ruwa inda ba ya zuwa, kuma sau da yawa saman kacala da bishiyoyi take ɗauka a matsayin ƙasa. Taswirar Copernicus ta Turai ta fi ta, awon da ake yi da hasken leza daga jirgin sama ya fi su duka, amma ko shi ba ya ganin gindin kogi, dole a shiga kwalekwale a auna. Hotunan rada na tauraron Sentinel-1 suna ratsa gajimare, wanda ke da muhimmanci a watan Agusta, kuma da su ake iya bin tarihin wuraren da ruwa ya daɗe a kwance tun daga 2014, sai dai ruwan da ke ƙarƙashin ciyawa mai duhu yakan ɓoye musu. A ganina, hukumar da kuɗinta ba su da yawa ta fi cin riba idan ta ɗauki manhaja ta kyauta, ta kashe kuɗin wajen auna faɗi da zurfin rassan kogin, da kafa sandunan auna ruwa a Wudil da Haɗeja da Likori da Gashuwa tare da biyan masu karanta su kowace safiya, da haƙa ƙananan rijiyoyin lura a gonakin rani. Tsofaffin masunta da manoma ma suna riƙe da alamun inda ruwan kowace babbar shekara ya tsaya a jikin bishiya ko bango, kuma lissafin da bai dace da waɗannan alamu ba bai cancanci a gina komai a kansa ba.

Idan aka zo ga aikin ƙasa, jinga ce ta fi farin jini, kuma dalilin a bayyane yake: ana ganin ta da ido, ana iya gama ta cikin rani ɗaya, kuma tana ceton rayuka. Babu mai hankalin da zai ce a bar garin Haɗeja ko Ringim ko Auyo babu kariya. Amma jinga bangon fuska biyu ce, tana hana ruwan kogi shiga kamar yadda take hana ruwan sama fita. Idan aka ja ta tsawon kilomitoci a gefen gonaki ba tare da ƙofofin ruwa masu aiki ba, filin da ke bayanta kan zama tafki. Yashin da a da yake bazuwa a fadama kuma sai ya taru a cikin kogin da aka matse, gindinsa ya riƙa tashi shekara bayan shekara har ya fi gonakin gefensa tudu. Wannan ba hasashe ba ne. A jihar Bihar ta Indiya an killace kogin Kosi da jinga tun shekarun 1950, kuma filaye masu faɗi a bayan jingar sun zama wuraren da ruwa ba ya barin su, sannan a 2008 jingar ta ɓalle a Kusaha da ke Nefal, kogin ya bi tsohuwar hanyarsa ya afka wa miliyoyin mutanen da suka ɗauka sun tsira. A kudu maso yammacin Bangaladash, yankunan da aka kewaye da jinga a shekarun 1960 sun fara fama da kwanciyar ruwa bayan kusan shekaru 20, har mutanen Bil Dakatiya suka yanke jingar da hannunsu a 1990. Jingar da aka gina da nufin tsane gona, ba kare gari ba, takan zama gyaran gangar auzinawa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato duk jingar da ta kare gari ɗaya ta ƙara tsayin ruwa a gaɓar da ke fuskantarsa da garin da ke ƙasa da shi. Shi ya sa a lokacin cikar kogi ake samun matasa suna kwana gadin jingarsu, ba don tsoron ruwa kaɗai ba.

Yashe kogi da sare kacala suna kai hari ga tushen matsalar a wannan kwari, domin suna buɗe wa ruwa hanyar fita. Kowace magudana da kowane kwalbati sun dogara ne a kan samun wurin da ya fi su gangare da za su zubar, kuma idan kogin da kansa a toshe yake, duk abin da aka haƙa a gona ba ya da inda zai kai ruwa. An gwada aikin gayya na sare ciyawa a rassan kogin tun shekarun 2000, kuma a 'yan shekarun nan gwamnatin Jigawa ta sayo injinan haƙa masu tafiya a kan ruwa domin wannan aiki. Amfaninsa biyu ne, gonakin da suka nutse suna tsanewa, garuruwan da ke ƙasa kamar na yankin Gashuwa da Gaidam kuma suna samun ruwan da a da yake ƙarewa a hanya. Rauninsa shi ne ba aikin yi sau ɗaya ba ne. Kacala tana tsirowa daga saiwarta da ke cikin laka, kuma idan aka sare ta sama da ruwa takan dawo cikin watanni. Sarewa a ƙarƙashin ruwa ta fi kashe ta, saboda ruwan kan shiga kararta ya hana saiwar samun iska. Yashin da aka kwashe aka jibge a bakin gaɓa kuma damina ɗaya ta isa ta mayar da shi. Dole ne kuma a fara daga ƙasa a hau sama, domin wanda ya buɗe sama ya bar ƙasa a toshe ya gaggauta wa na ƙasa ambaliya ne kawai. Wannan yana nufin Jigawa ba za ta iya yi ita kaɗai ba sai da Yobe, kuma dama saboda irin haka ne jihohi shida na kwarin, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, suka amince da kafa asusun haɗin gwiwa a Damaturu a 2006.

Zaɓin da ya fi arha a kuɗi kuma ya fi wuya a siyasa shi ne sauya yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Calawa. Ba ya buƙatar siminti. Abin da yake buƙata shi ne Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta rage ruwan madatsun kafin tsakiyar damina bisa hasashen hukumar yanayi ta NiMet da hukumar lura da ruwan koguna ta NIHSA, domin su sami gurbin riƙe ruwan Agusta da Satumba maimakon su cika su tumbatsa a daidai lokacin da kwarin ya riga ya jiƙe, sannan a sami wani lokaci a cikin rani da za a rage sakin har wasu rassan su bushe, a sami damar sare ciyawa da ƙone ta. Matuƙar ruwa na gudu kaɗan-kaɗan wata goma sha biyu, yashe kogi tufka da warwara ne. Amma kowace ƙofa da aka rufe da rani akwai wanda zai ji a jikinsa: mai tumatir a Kadawa, mai shinkafa a Kura, matatun ruwan Tamburawa da Calawa da ke shayar da Kano. Idan kuma aka rage ruwa da wuri sannan damina ta zo da ƙaranci, laifin zai koma kan wanda ya ba da umarni. A wannan gaɓa ce lissafin kwamfuta ya fi biyan kuɗinsa, musamman manhaja irin WEAP ta Cibiyar Muhalli ta Stockholm da ke gwada rabon ruwa tsakanin masu buƙata, domin ita ce za ta iya nuna wa kowane ɓangare abin da zai rasa da abin da zai samu kafin a taɓa ƙofa. Binciken da masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya isa fadamar Haɗeja da Nguru yana samar da amfani mafi yawa, ta noma da kamun kifi da itace, fiye da irinsa da aka riƙe domin manyan ayyukan noman rani na sama. Wannan ya isa tunatarwa cewa manufar ba ta busar da fadama ba ce, wadda wani sashenta ke cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2000. Abin nema shi ne ruwa ya zo a lokacinsa ya tafi a lokacinsa. Iyakar wannan zaɓi ita ce kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa, tunda ta Kafin Zaki ta daɗe ba a kammala ta ba, don haka ruwan da ke fitowa daga tsaunukan Jos babu ƙofar da ke riƙe shi.

Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya taso, maganar ta bambanta gaba ɗaya, kuma jinga ko yashe kogi ba su da abin da za su yi. Alamarsa ita ce rijiya ta cika har kusa da baki da rani, ƙasa ta riƙa fitar da farin gishiri ko kanwa a samanta. Masar ta magance irin wannan bayan gina babbar madatsar Aswan ta hanyar binne bututu masu huji a ƙarƙashin miliyoyin kadada, Fakistan kuma ta kafa dubban rijiyoyin burtsatse tun farkon shekarun 1960 domin zuƙe ruwan. Bututun ƙarƙashin ƙasa ba ya cin fili kuma yana daɗewa, amma yana da tsada, yana toshewa da laka, kuma bai dace da gonar da kogi ke rufewa kowace shekara ba. Ƙananan rijiyoyin fadama da manoma suka saba da su tun shirin Fadama na shekarun 1990 sun fi kusa da hannu, domin manomin da ke ban-ruwa da rijiya maimakon kanal yana rage ruwan ƙasa ne a lokacin da yake shayar da amfaninsa, muddin akwai yashi a ƙarƙashin gonar kuma ruwan ba mai gishiri ba ne. Kafin duk wannan, a mafi yawan ayyukan noman rani namu magudanan fitar da ruwa suna nan tun asali, ciyawa da laka ne suka cika su, wasu ma an nome su. Buɗe su da gyara kanal mai tsiyaya, irin aikin da shirin gyaran noman rani na TRIMING mai tallafin Bankin Duniya ya yi a Kano da Haɗeja, ya fi kowane sabon gini sauƙi, in dai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa za su ci gaba da yashe su kowace shekara. Dasa bishiyar turare domin ta sha ruwan, kamar yadda aka gwada a Haryana ta Indiya, yana taimakawa a gefen kanal, amma ba ya tsane fadamar da kogi ke cikawa.

Manomin da ba shi da iko a kan madatsa ko injin haƙa yana da nasa ƙaramin zaɓi. Irin shinkafa FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Nijeriya a 2017, suna jure nutsewa na kusan mako biyu, wanda ya isa ga ruwan da ke zuwa ya wuce, ko da yake bai isa ga gonar da ke shafe wata biyu a ƙarƙashin ruwa ba. Ɗaga kunya da mayar da masara da gero zuwa jigawa, a bar wa shinkafa kwari, tsohuwar dabara ce da har yanzu take aiki.

Idan aka auna su duka da ma'aunin kuɗi da daɗewar amfani da illa ga maƙwabci, jinga ta cancanci kuɗi ne a kewayen garuruwa kawai, gajera, mai ƙofofin fitar da ruwa, kuma bayan an gwada ta a HEC-RAS an ga inda za ta tura ruwan. Ga gonakin da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kuɗin farko na buɗe rassan kogi ne daga ƙasa zuwa sama, tare da ware kason kula da su a kasafin kowace shekara, kuma wanda ba zai iya ware wannan kaso ba gara ya rage tsawon da zai yashe. Jihar da ta sayi injin haƙa kuma ya kamata ta zauna da hukumar kogunan a kan jadawalin sakin ruwa a cikin wannan ranin, kafin injin ya shiga ruwa, domin jadawalin ne zai yanke ko hanyar da aka buɗe za ta kai shekara biyar ko za ta rufe kafin damina ta biyu.